Ranar da Alkasum Ya Cakuɗa Mini Depo

'Yan uwana na wannan zaure, ku matso kusa. Wadda ke girki ta rage wuta, don abin da ya same ni ranar Talatar nan ba a jin sa da rabin kunne. Sababbin shigowa kuwa, sunana Balki, 'yar Malam Gambo ta Zermu, amma a Damagaram nake zaune, unguwar Kara-Kara, gidan ƙanwar babana Gwaggo Rabi, wadda ta riƙe ni tun ina ƙaramar lekol, wato firamare.

Aikin informatik, wato kula da na'urori masu ƙwaƙwalwa, nake yi a biron wata haɗakar ƙungiyoyin manoma. Can ƙuryar biron akwai ɗan ɗaki mai kilim, abin sanyaya ɗaki, a cikinsa akwai babbar na'urar da muke kira sarbar. Ita ce ke kiran salular manoma ɗaya bayan ɗaya, ta kunna musu saƙon murya da Hausa: yaushe ake sa ran ruwa, yaushe za a yi shuka, wace tsutsa ce ta ɓullo. Shugabarmu Madam Halima, wadda ta karanci aikin gona, ita ke yin maganar, ni kuma nawa in tabbatar ta isa kunnen mutane. Kun dai san yadda bara ta kasance. Ruwa ya ɗauke da wuri, gero ya bushe a tsaye da kansa bai cika ba. A ƙauyukanmu gidaje da yawa sun ci har cikin irin da suka ajiye. Ɗan abin da ya rage a ƙasan tukunya shi ne na shukar bana, in ya tafi a banza babu wani. Shi ya sa nake lallaɓa sarbar nan kamar jaririya.

Gwaggo kuwa ba ta ƙaunar ko jin sunanta.

"Wai ke Balki, ordinatar ce za ta kawo miki lefe?" Haka take ce mini kusan kowace safiya tana dama fura. "Sa'o'inki duk sun yi ɗaki, ke kina can kina hira da akwati."

"Gwaggo lokaci ne."

"Lokacin yana zuwa gidan mutum ya ƙwanƙwasa? Fita ake yi a gan ka."

Da bikin Lami 'yar maƙwabciyarmu ya taso, sai ta samu abin da take nema. Ta ɗinka mini shaddar bazan ruwan zuma mai aiki a wuya, ta ciro lafayarta koriya wadda ba ta ba kowa aro, ta turara ta har sai da kyanwar gidan ta bar ɗakin. Duk don me? Don wata Hajiya Sa'adatu za ta zo bikin, tana da ɗa Lawali ma'aikacin duwan, wato kwastan, wai tana neman masa 'yar mutunci. Ni ko hotonsa ban taɓa gani ba. Gwaggo ta ce ba dole, kawai dai a gan ni, amma kun san irin "ba dole" ɗin iyayenmu mata, wadda ake faɗa ana kallon ƙwayar idonka.

Sai na ɗauki hutun Talata don ƙunshi. Kafin in bar biro ranar Litinin na kira Alkasum.

To, Alkasum. Bari in gyara zama. Ɗan mutanen Kano ne, babansa yana da shagon atamfa a kasuwar Dole, shi kuma a Kano ya yi karatu ya dawo. Bara ya fara aiki da mu, shi ke kula da rezo, wato layin sadarwa, da salulolin ma'aikatanmu na ƙauye. Dogo ne siriri, kullum aljihunsa da biro biyu da abin gwada kuran, wato wutar lantarki. Ni in ce ordinatar ya ce kwamfuta, in ce biro ya ce ofis, ya ce wai shi a wurinsu biro abin rubutu ne, yaya za a yi mutum ya shiga cikinsa ya zauna. Shef yake kirana, wato shugaba. Duk ranar da zafi ya yi zafi sai in tarar da lamurje mai sanyi a kan teburina, in na tambaya ya ce wai mai sayarwa ce ta yi masa gyara. Gyara kullum? Amma fa bai taɓa ce mini komai ba, ko da wasa. Ni ma na yi kamar ban gane ba, sai dai ina shanye lamurjen tas.

Na ba shi kalmar sirrin sarbar na ce, "Alkasum, in kuran ya ɗauke ta mutu, ka tashe ta. Shi ke nan aikinka. Kar ka taɓa komai."

Ya dafa ƙirji. "Shef, ko ƙura ba zan goge mata ba."

Talata da hantsi muna gidan su Lami, tsakar gida cike da mata, an shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin rumfa, ana ta kiɗa a salula. Mai lalle ta manna mini salatif ta fitar da zane, ta shafe hannuwana biyu da jan lalle har wuyan hannu, ta zura su cikin leda ta ɗaure. Ƙafafu ma haka. Ta ce in ina son ya kama kar in motsa sai bayan la'asar. Ina zaune kamar an ɗaure akuya, Gwaggo na ba ni ruwa a baki, sai salulata ta fara ƙara cikin jaka, ƙit, ƙit, ƙit.

Gwaggo ta ciro ta kanga mini a fuska. Alkasum ne.

"Shef kina kusa?"

"Shef wata 'yar matsala ce ƙarama."

"Ba ƙarama ba ce sosai."

Ƙarƙashinsu kuma saƙon murya. Kafin in ce a kai mini kunne, Gwaggo ta danna da babban yatsa, muryarsa ta cika tsakar gida.

"Shef, don girman Allah kar ki yi fushi. Wallahi don in faranta miki na yi."

Wayyo ni! Wata ta rangaɗa guɗa. Amarya Lami ta leƙo daga ɗaki tana cewa, "Ah ah, Balki, ashe da mai faranta miki kike ɓoyewa?" Gwaggo ta kalle ni ta saman tabarau, irin kallon da ke nufin za mu haɗu a gida.

"Abokin aiki ne," na ce. "Gwaggo kira mini shi, ki sa mini a kunne. A kunne fa."

Bugu ɗaya ya ɗauka.

"Me ka yi?"

"Shef, kin tuna kina ta ƙorafi cewa in rezo ya yi rauni muryar Madam tana kakkaryewa? To na yi bincike na samo sabuwar manhajar matse sauti. Na ce kafin ki dawo in saka miki."

"Daga ina ka samo ta?"

"Babu ita a depon Rocky. Sai na gan ta a na Alma."

"Wane Alman?"

A hankali ya ce, "Na tara. Wanda ya fito kwanan nan."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Matan duk suka juyo, wata tsohuwa ta ce, "Wa ya rasu?"

Bari in yi muku bayani a gurguje, don na san akwai masu cewa Balki ta fara yarenta. Sarbarmu tana tafiya ne da tsarin da ake kira Rocky, na takwas. Akwai wani kuma Alma. Dukansu daga tushe ɗaya aka gina su, shi ya sa in ka gan su sai ka rantse abu ɗaya ne. Amma kowanne da mutanen da ke haɗa shi, kowanne kuma da rumbunsa a intanet inda ake ɗebo manhajojinsa, shi muke ce wa depo. Manhaja kuma ba ta zama ita kaɗai, kowacce tana jingine da wasu. In ka ɗauko ɗaya daga depon da ba naka ba, sai ta ce ba ta aiki sai da nata abokan, su kuma in sun shigo sai su ture naka su zauna a wurinsu. Sauran manhajojinka na da su waiwaya su nemi abin da suka saba jingina da shi, babu. Balle kuma a ce daga na tara aka ɗebo aka zuba cikin na takwas. Laifin ba na Rocky ba ne, ba na Alma ba ne, na mai cakuɗawa ne.

"Yanzu me take yi?" na tambaye shi.

"Tana kunne. Amma abin kiran salula ya ƙi tashi."

Ban gama haɗiye wannan ba sai ga kiran Madam Halima yana shigowa. Tana Dakusa wurin taron manoma, ina jin iska na kaɗa mata salula.

"Balki, na turo sabon saƙo, ya fita yau kafin la'asar. Masu hasashen yanayi sun ce akwai ruwa yau ko gobe, amma kaɗan ne, bayansa kuma za a daɗe ba a ga wani ba. Kin san mutanenmu, ƙasa na jiƙa za su fita da iri da asuba. In suka shuka a wannan ruwan, tsiron zai ƙone. Ina kallon gabas yanzu haka, hadari ya fara haɗuwa."

"To Madam," na ce. Me zan ce?

Babana ne ya faɗo mini a rai. Da na je Zermu da ƙaramar salla ya nuna mini irin da ya ɓoye cikin tulu ya liƙe bakin da laka, yana dariya yana cewa ko ɓera sai ya nuna takarda kafin ya shiga ɗakin. Na yunƙura na miƙe da ledojina.

Mai lalle ta yi ihu. "Ke! Ina za ki? Zai caɓe!"

"Gwaggo, biro za ni. Ki taimake ni da lafaya."

"Biro? Hajiya Sa'adatu tana hanya!"

"Gwaggo, irin Baba ne. Da na duk Zermu."

Na gaya mata a taƙaice. Gwaggo tana da faɗa, amma ita ma a gona ta tashi. Ta dubi sama, ta tsuke baki. Sai ta ɗauko lafayar ta nannaɗe ni da kanta, ta rataya jakata a kafaɗarta.

"Ai sai mu tafi tare, tunda ko ƙofa ba ki iya buɗewa. Kuma ina son in ga mai faranta miki."

Ku kwatanta da idonku. Ni a bayan adaidaita, hannuwa biyu a sama cikin baƙar leda kamar wadda soja ya tsare, ƙafafu cikin leda cikin silifas ɗin mijin maƙwabciya don nawa sun ƙi shiga, ga koriyar lafaya tana ta ƙamshi. Mai adaidaita sai leƙe yake ta madubi. Da muka zo wajen duwatsun nan na cikin gari ya kasa daurewa ya ce, "Hajiya, asibiti ko?" Gwaggo ta ce, "Tuƙa, ɗan nan. Akwati za mu dubo, shi ne ba lafiya."

Mun tarar da Alkasum tsaye a ƙofar ɗakin sarbar, duk sanyin kilim ɗin gumi ya jiƙa masa riga. Yana ganin Gwaggo ya durƙusa har ƙasa.

"Ina wuni Mama."

"Lafiya lau. Kai ne?"

"Ni ne Mama." Ko tambayar ni ne wa bai yi ba.

Gwaggo ta shiga ɗakin, sanyi ya doke ta, ta tsaya cak. "Ikon Allah. Mu muna can muna soyuwa, akwati na nan yana shan sanyi kamar gwamna." Ta jawo kujera ta zauna daidai bakin kilim ta warware mayafi.

Na tsaya bayan Alkasum. "Zauna. Yau kai ne hannuna. Abin da na faɗa shi za ka rubuta, ko ɗigo kar ka ƙara."

"To Shef."

"Buɗe tarihin abin da aka saka yau."

Ya buɗe. Rubutu ya gangaro ya cika fuskar na'ura ya ci gaba da gangarowa.

"Alkasum, da za ta saka duk wannan ba ta tambaye ka ba?"

"Ta tambaya."

"Ka karanta?"

"Na karanta na sama."

"Ba ta ce maka ba ta san hatimin da ke kan kayan nan ba?"

"Ta ce." Ya sosa ƙeya. "Na ce ta amince."

Da hannuna a sake yake ban san me zan yi ba. Na ɗaga ledojin sama na sauke. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda ya yi zuru-zuru da ido, har na ji tausayinsa yana neman rage mini fushin, ni kuwa ina son fushina.

Allah ya taimake mu, manhajar da ke sakawa da cirewa ba ta mutu ba. Na sa shi ya fara rufe depon Alma gaba ɗaya, ya cire hatiminsa. Sannan za mu umarci na'urar ta mayar da kowane abu irin na gidanta. Matsalar ita ce rezon ranar kamar kunkuru, in muka ce daga intanet za mu sauko da su sai gobe. Amma ni 'yar Damagaram ce, wadda ta saba tara ruwa a kowace roba don ba ta yarda da famfo ba. Ina da kwafin depon Rocky sukutum a wani diski cikin durowata.

"Gwaggo, makulli na cikin jaka, aljihun ciki."

Ta zazzage jakar a cinyarta, ta ciro makullin ta miƙa masa, amma ba ta saki ba.

"Ɗan wane ne kai?"

"Ɗan Alhaji Suma'ila mai atamfa, Mama. Layin 'yan Kano."

"Mai tabo a goshi? Ya taɓa sayar mini da atamfa ta zuba."

"Allah ya ba ki haƙuri Mama."

"Ba ta zuba sosai ba. Ka yi aure?"

"Gwaggo!"

"Tambaya na yi."

"Ban yi ba Mama."

"Me kake jira?"

Alkasum ya dube ni, ya dubi ƙasa. Na ce, "Gwaggo ki sakar masa makulli, hadari na tahowa."

Muka jona diski, na riƙa faɗa yana rubutawa. Gwaggo kuwa ba ta daina tambayarsa ba. Wace unguwa kuke? Kana sallar asuba a masallaci? Uwarka 'yar ina ce? Sai ya rubuta harafi ya goge. Da na'urar ta jero abin da za ta canja ta tambaya, ya kai yatsa zai danna, na daka masa tsawa.

"Karanta!"

Ya karanta su ɗaya bayan ɗaya da ƙarfi kamar ɗan lekol, ni ina bi da ido. Can ƙasa muka ga tana shirin cire manhajar kiran salular kanta, don ta rikice da wani abu da ya shigo daga Alma. Da ya danna, da mun ƙara faɗawa rami. Ya juyo ya dube ni, bakinsa a buɗe.

"Ka gani?" na ce.

"Na gani Shef."

Muka fara cire baƙon abin shi kaɗai, muka sake ba da umarni. Wannan karon ta jero daidai. Ya danna. Layuka suka fara tafiya, mu kuma muka zuba ido. Ta taga ina ganin gabas ta yi baƙi, iska ta fara kwasar ledoji a titi. Cikin ledar hannuna gumi ya haɗu da lalle yana gangaro mini har gwiwar hannu.

Alkasum ya yi ƙasa da murya. "Shef, na ɓata miki biki."

"Ka ɓata."

"Na ga kullum ke kaɗai ke ɗauke da abin nan. Na so in rage miki ko kaɗan ne."

Na ƙi kallonsa. Na ce, "In kana son rage mini, ka tambaye ni. Da ka tambaya da mun gwada ta a wata na'ura daban, ko mu jira ta fito a depon namu. Ba a gwaji a kan abin da mutane ke jira."

"Ba zan sake ba."

Gwaggo dai na gefe ta lumshe ido kamar mai barci. Na san ta, kunnuwanta a miƙe suke.

Da ta gama muka kashe ta muka tashe ta. Wannan jiran, 'yan uwa, ban taɓa jin irinsa ba. Fitilu suka yi ƙyaf-ƙyaf, fanka ta yi gurnani, sai ga layin manhajar kira ya fito kore. Alkasum ya ce "Alhamdulillahi" da ƙarfi har Gwaggo ta zabura.

"Saura gwaji," na ce. "Ba zan saki saƙon Madam ba sai na tabbatar murya na fita. Kuma da hannuna zan sake shi. Bari in wanke lallen nan. Kai kuma ɗauki makirfo ka yi 'yar magana, ko me ka ga dama, ka tura wa rukunin da aka rubuta Balki-gwaji."

Muka fita bakin famfon biro ni da Gwaggo, da yake babu ruwa sai ta riƙa zuba mini da buta. Tana ɓare salatif tana tsaki. Zanen hannun dama ya fito, na hagu kuwa ya caɓe ya zama kamar taswirar ƙasa. Muna cikin haka salulata ta yi ƙara a jaka.

"Sarbar ce, Gwaggo. Ɗauka ki ji ko murya na fita."

Ta ajiye buta ta kara a kunne. Na ga girarta ta ɗaga. Ta juya mini baya. Ta daɗe tana saurare, sannan ta mayar da salular cikin jaka ta zuge.

"Tana fita?"

"Tana fita," in ji ta. "Tangaram."

Ban tsaya tambaya ba, na ruga ciki. Alkasum ya tashi ya ba ni kujera, ya koma lungu yana ta gyara wata wayar da ba abin da ya same ta. Na ɗora saƙon Madam na sake shi. Kira ya fara fita, Zermu, Dakusa, ƙauye bayan ƙauye, ina ganin ana ɗauka. Na jingina da kujera. Ana kiran la'asar a masallacin bayanmu.

Gwaggo ta miƙo mini salula. Saƙon Madam ne.

"Ya iso, manoma suna saurare a gabana. Sannu da ƙoƙari."

Wani ya biyo baya.

"Na gwajin ma ya iso. Allah ya sanya alheri." Da fuskokin dariya har uku.

Alheri? Na dubi Gwaggo, ta ɗauke kai tana gyara mayafi. Na dubi Alkasum, ya ƙara dulmiya cikin wayarsa. Sai na buɗe fayil ɗin gwajin na kunna.

"Assalamu alaikum, wannan gwaji ne. Gwaji, gwaji." Ya yi gyaran murya. "Balki. Yau dai ba zan ce Shef ba. Na ɓata miki na'ura, na ɓata miki lalle, na san ban da bakin magana. Amma in ban faɗa yau ba ban san ranar da zan iya ba. Lamurjen nan ba gyara ba ne, saye nake. Ina sonki tun ranar da na fara aiki a nan. In kin ba ni izini, ina so in turo manyana. Ƙarshen gwaji."

Kunnuwana suka yi zafi. Wani abu mai daɗi ya taso mini daga ciki, kafin ya iso fuskata sai wani tunani ya tare shi.

"Alkasum. Kana tsammanin lamba nawa ce a rukunin nan?"

"Taki ce. Ai sunanki ne a kai."

"Sunana ne don ni na haɗa shi. Akwai tawa. Akwai ta Madam." Na ɗaga yatsa na uku. "Akwai kuma wadda nake gwada rezon ƙauye da ita."

Ban rufe baki ba salula ta fara ruri a hannuna. BABA, da manyan baƙaƙe.

Gwaggo ta ce, "Ɗauka mana. Yayana ne, ba ya cizo."

Na durƙusa a wurin kamar yana gabana. "Baba ina wuni."

"Lafiya lau Balki. Ya aiki?" Muryarsa a natse, yadda yake yi in zai tsokani mutum. "Saƙo biyu na samu yau daga wurinku. Na biyun na gane shi sarai, ba za mu taɓa iri ba, na ma aika a gaya wa na bayan gari. Allah ya yi muku albarka."

"Amin Baba."

"Na farkon ne ya ɗan shige mini duhu. Ban san ko sabon irin gero ne ake kira lamurje ba."

Na rufe fuska da hannuna mai taswira. "Baba kuskure ne aka yi."

"To. Kuskuren yana da suna?"

"Alkasum," na ce, da ƙyar.

"Madalla. Ranar Alhamis zan shigo kasuwa, ki ce masa ya same ni gidan Rabi."

"To Baba." Na yi ƙarfin hali. "Baba... kai kaɗai ka ji?"

Ya yi 'yar dariya. "Haba Balki. Kin san in na ga lambar ƙungiya buɗe murya nake yi kowa ya amfana. Muna gindin itacen bedin masallaci ne, jama'a sun taru. Liman ma cewa ya yi a sake kunnawa, bai ji farkon ba."

Da na ajiye, Alkasum ya riga ya sulale ya zauna a ƙasa dirshan, ya dafe kai da hannu biyu. Gwaggo kuwa dariya take har da hawaye, tana dukan cinya, tana cewa ita tunda take ba ta taɓa ganin wanda ya nemi aure a gaban gari guda ba tare da ya bar kujerarsa ba. Ta miƙe ta yafa mayafi, ta tsaya a kansa.

"Tashi ɗan nan, namiji ba ya zama a ƙasa. Ka gaida babanka, ka ce atamfar nan dai ta zuba."

Muna cikin adaidaita za mu koma aka fara yayyafi, ƙamshin ƙasa ya tashi, yara suka fito titi suna tsalle. Ɗan kaɗan aka yi ya ɗauke, kamar yadda Madam ta ce. Gwaggo ta kama hannuna na hagu tana duba ɓataccen zanen tana murmushi ita kaɗai.

Daidai kwanar gidanmu salula ta yi ƙit.

"Shef. Balki. Ban san wanne zan ce ba yanzu. In zo ranar Alhamis, ko in hau motar Kano tun yau?"

Na rubuta na goge. Na sake rubutawa na goge. Gwaggo na leƙe ta gefen ido, na juya mata baya. Sai ga saƙon ƙanena daga Zermu ya faɗo a sama, na karanta, na ji dariya ta kuɓuce mini. Na koma kan Alkasum na rubuta masa, na tura kafin in canja ra'ayi:

"Ka zo. Ka sa babbar riga. Liman ya ce shi ma zai biyo Baba."